Sabon hannu ko tsohon hannu: yadda za ka auna aikin ma'aikatan jirgin sama daga kan kujerarka

A wajen wani suna a unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Ghana, aka tayar da maganar. An gama rabon masa da koko, muna zaune ƙarƙashin rumfa ana jiran a fito da jaririya, sai wata Hajiya mai saro mayafai da turare daga Dubai ta ce ita kam ta gama yanke hukunci: yaran nan sababbin shiga su ne ma'aikatan jirgi. Ga fara'a, ga ladabi, kana danna ƙararrawa kafin ka sauke hannu sun iso. Tsofaffin kuwa, in ji ta, sai ɗaurin fuska, ka ce dole aka yi musu. Wata dattijuwa da 'ya'yanta ke Amurka, wadda kusan duk shekara sai ta je ganin jikoki, ta ce sam. Ranar da jininta ya hau a sama, yarinyar da ta fara zuwa kanta rawar jiki kawai take yi, sai da wata mai furfura ta zo ta riƙe mata hannu sannan hankalinta ya kwanta. Gardama ta yi zafi, suka juyo kaina, don sun san shekara 19 na yi ina wannan aiki, shida na ƙarshe ina shugabantar ma'aikatan cikin jirgi, ni ke cika takardar auna aikin waɗanda ke ƙarƙashina.

Ban samu na ba su amsa yadda nake so ba aka kira azahar, taro ya watse. Shi ya sa na zauna na rubuta. Zan nuna yadda mu muke aunawa daga ciki, don wanda ke kan kujera ya iya yi da idonsa, ya san wa zai yaba, wa zai yi wa uzuri, wa kuma ya cancanci a kai ƙararsa.

Fara da sanin wa kake aunawa, domin furfura ba ta nuna daɗewa a wannan sana'a. Na yi aiki da wadda ta shigo tana da shekara 35 bayan ta bar aikin nas, na kuma yi da wanda ya shigo da 21, kafin ya cika 28 ya zama gogagge. Ido za ka duba. Sabon hannu idonsa na kan hannunsa: kan tire, kan butar shayi, kan birkin keken abinci. Tsohon hannu hannunsa ya san hanya, don haka idonsa na kan mutane. Yana taka birkin keke ba tare da ya kalli ƙasa ba, yana wucewa yana shafa murfin ma'ajiyar kaya ta sama ɗaya bayan ɗaya don ya ji wanda bai kama ba. Ka yi wa sabo tambayar da ba ta cikin littafi, zai ce maka bari ya tambayo, kuma daidai ya yi. In duk wannan bai isar maka ba, jira a kwashe kwanuka, ka ce, "Anti, kin daɗe kina bin wannan hanya?" Ban taɓa ganin wadda ta ji haushin wannan tambaya ba.

Sai kuma ka san mene ne aikin. Ba don shayi kamfani ya ɗauke mu ba. Dokar da yawancin ƙasashe ke bi ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, kuma kafin a ba sabon samfurin babban jirgi izinin ɗaukar mutane, sai an gwada an tabbatar za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofin a toshe suke. Mu ne masu fitarwar. Mafi yawan makonnin horo a kan wuta suke ƙarewa, da hayaƙi, da buɗe ƙofa, da sauka a ruwa, da taimakon gaggawa ga marar lafiya. Duk shekara ana komawa a sake jarrabawa, sabo da tsoho layi ɗaya, wanda ya faɗi ba ya tashi sai ya gyara. Wanda ya auna ma'aikacin jirgi da murmushi kawai, kamar wanda ya zaɓi direban babbar mota zuwa Tamale ne don kyan hularsa.

Abin da ya raba matan nan biyu a wajen suna, a ganina, ba shekarun ma'aikata ba ne. Tsarin kamfanoni biyu suka gani. A kamfanonin Amurka daɗewa ce ke ba mutum damar zaɓen hanya, don haka doguwar tafiya irin ta ƙetare teku yawanci tsofaffin hannu ke ɗaukewa, sababbi suna zaman jiran kira. Manyan kamfanonin ƙasashen Larabawa kuwa matasa suke ɗiba daga ƙasashe da dama, su fara da ƙaramin aji na baya, wanda ya daɗe ya matsa gaba wajen masu tikitin tsada. Ke nan mai zuwa Dubai a kujerar baya kusan kullum sababbi za ta gani, mai zuwa New York kusan kullum dattawa. Ga kuma annobar korona: an rufe filin jirginmu na Ankara (tamu ta Ghana nake nufi) ga jiragen ƙetare daga Maris har zuwa 1 ga Satumba na 2020, kamfanoni a duk duniya suka sallami ma'aikata, da yawa daga cikin gogaggu ba su dawo ba. Da harka ta farfaɗo sai aka cika gurbi da sababbi a lokaci guda. Akwai tafiyar da za ka tarar mai shekara biyu ita ce ke koya wa mai wata biyu.

Don haka ka kwatanta abin da ya yi kama. Ƙaramin jirgi mai kujera 50 daga Ankara zuwa Kumasi tafiyar kusan minti 40 ce, doka ta yarda mutum ɗaya ya riƙe shi, kuma hawa da sauka sun cinye fiye da rabin lokacin. In ta miƙo maka ruwa ta wuce ba ta tsaya gaisuwa ba, agogo ne ke korarta. Ba za ka ɗora ta a sikeli ɗaya da mai tafiyar awa takwas ba. Ka kuma cire abin da ba hannunsu ciki: yawan abinci, matsin kujera, ko akwai bargo ko babu, duk a ofis ake yankewa. Dattawanmu na zango da suka hau Ghana Airways, wanda aka kafa a 1958 ya daina tashi a 2004, har yanzu suna tuna jirginsa DC-10 mai zuwa Landan da New York, suna cewa ma'aikatan da sun fi na yanzu. Wasu daga cikin waɗanda suka koya mini aiki daga can suka fito, kuma ban ga kamarsu ba wajen iya magana da babba. Amma yarinyar yau ba ita ta rage nama a cikin miya ba.

To, yanzu ka shiga jirgi. Awo na farko a bakin ƙofa ne. Gaisuwar nan da ake yi maka ba gaisuwa ce zalla ba. Ana duba wa ke tafiya da ƙyar, wa ya sha ya bugu, wa ke ɗauke da jariri, wa ke da ƙarfin da za a nemi taimakonsa in rana ta ɓaci, wa idonsa ke nuna yau ne hawansa na farko. Sabuwar ma'aikaciya za ta duba takardarka ta nuna maka layi, da murmushi mai kyau. Gogaggiya za ta ga tsohuwar da ta riƙe fas ɗinta a juye, ta gane ba ta karatun boko kuma ba ta son a sani, sai ta ce, "Mama, zo in raka ki," ta kai ta har kujera, ta ɗaura mata bel, ta nuna mata bayi tun kafin ta buƙata. In ba ta jin Hausa, za ta leƙa ta nemo wani cikin fasinjoji da zai riƙa fassara, wani lokaci har ta sauya masa wuri ya dawo kusa. A wannan mataki tsohon hannu ya fi, kuma ba laifin sabo ba ne. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Mintocin da ke gaban tashi su ne na fi so ka sa wa ido, don a nan mutanenmu suka fi yin hukunci a juye. Ina wata na uku da fara aiki, wani Alhaji ya zauna a layin ƙofar gaggawa da babbar jaka tsakanin ƙafafunsa. Na ce masa doka ta hana, sai an sa ta sama. Ya dube ni ya ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake hawa jirgi." Na sake maimaita masa dokar kamar yadda na haddace. Ya kau da kai. Ina tsaye na rasa ta cewa, sai shugabarmu ta iso, ta russuna ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Alhaji, wannan ƙofa amana ce muka ba ka. In wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, kai za ka buɗe wa jama'a hanya. Kawo jakar in ajiye maka daidai saman kanka, da mun daidaita a sama ni da hannuna zan sauko maka da ita." Ya miƙa mata da hannu biyu. Bayan an kashe fitilar bel ta je ta sauko masa da ita kamar yadda ta ce.

Doka ɗaya muka riƙe ni da ita. Ita tana da harshen da za ta isar da ita. Amma tambayar da mai awo zai fara yi ita ce: jakar ta hau sama ko ba ta hau ba? Domin akwai ma'aikaci iri na uku, wanda shi ma ya daɗe, zai ga jakar, ya yi murmushi, ya wuce, don ya gaji da gardama. Alhaji zai sauka yana yabonsa, yana cewa wannan ya san girman mutane. A takardata wannan shi ne ya faɗi. Yarinyar da ta tsaya kai da fata sai ka miƙe kujera, ka ɗaga labulen taga, ka naɗe tebur, ko da muryarta na rawa, ta fi shi sau goma. Ana ɗaga labulen ne don a ga abin da ke waje in an samu matsala, ana rage fitila da dare don ido ya saba da duhu kafin a buƙaci fita. Ba ƙa'idar banza ko ɗaya a ciki.

Hausa ta haɗa kalmomi biyu a rubutu ɗaya: sabo na wanda bai daɗe ba, da sabo na wanda ya saba. Ciwon tsohon hannu shi ne na biyun. Ya rufe ƙofa sau dubu ba abin da ya faru, sai zuciya ta fara gaya masa na dubu da ɗaya ma haka ne. Sabo turken wawa, in ji magabata, kuma a jirgi na ga ya ɗaure masu wayo ma. In kujerarka na kallon inda ma'aikata ke zama lokacin tashi, dube su. An koya mana mu yi shiru a wannan lokaci, kowa yana bitar abin da zai yi a zuciyarsa: wace ƙofa ce tawa, yaya ake buɗe ta, me zan faɗa da ƙarfi, wa ke kusa da zai taimaka. Sabbi kusan duk suna yi. In ka ga biyu suna hira suna dariya jirgi na gudu a kan titi, yawanci waɗanda suka daɗe ne.

Akwai kuma abin da horon yanzu ya fi namu na da. A watan Janairun 1989 wani jirgi ƙirar Boeing 737 ya faɗi kusa da Kegworth a Ingila, mutum 47 suka rasu. Injin hagu ne ya lalace, matuƙa suka kashe na dama. Wasu fasinjoji da ma'aikatan da ke baya sun ga wuta a injin hagu, amma labarin bai kai ga matuƙa ba. Irin wannan hatsari ne ya sa aka shiga horar da matuƙa da ma'aikatan ciki a kan su riƙa magana da juna, ƙarami ya faɗa wa babba abin da ya gani ba tare da tsoro ba. Mu da muka tashi a gidajen da yaro ba ya gyara wa babba magana, wannan darasi ya yi mana nauyi. Yaran yanzu sun fi mu saurin buɗe baki. In ka ce wa ma'aikaci ka ji ƙauri ko ka ga wani abu na ɗiga daga fiffike, mai kyau zai zo ya duba da kansa ya kai rahoto gaba. Wanda ya ce maka "ba komai" bai ko leƙa ba, rubuta sunansa.

Rabon abinci ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake shi mutane suka fi magana a kai. Sabo yakan yi jinkiri, ya manta wa ya ce shayi wa ya ce kofi. Wannan wata shida ke gyara shi. Wurin da ake gane bambanci shi ne in kaza ta ƙare saura taliya. Sabo zai ba da haƙuri ya tsaya nan. Gogagge zai tuna akwai ragowar burodi da 'ya'yan itace a gaba, ko ya ba ka tiren da aka ware wa ma'aikata. Da azumi ma haka: wadda ta san hanya za ta tambayi masu azumi tun farko, ta ajiye musu abincinsu da zafi, ta kuma san cewa a sama rana takan jima ba ta faɗi ba bayan ta faɗi a garin da ke ƙasa, don haka taga za a duba. Kai ma da naka aikin. Abincin Musulmi, mai lamba MOML, da na masu ciwon suga, DBML, tun wajen sayen tikiti ake nemansu, aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba ka nema ba, ba wanda zai iya ƙirƙiro maka shi a sama.

Awo na gaskiya yana zuwa ne bayan an kwashe tire an kashe fitila. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kamar ta hunturun Tamale, kuma jiki yana ji kamar an ɗora shi a kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. A wannan lokaci ne mutane ke suma, yara ke kuka, bayi ke ɓaci. Ka ƙirga sau nawa aka zagayo da ruwa ba tare da an kira ba. Ka shiga bayi bayan awa huɗu ka ga ko an goge ƙasa, musamman a jirgin da mutanenmu suka cika ana ta alwala. Wadda ta saba da mu ba za ta yi tsaki ba. Za ta ajiye ƙarin takardar gogewa, ta nuna wa mutum yadda zai yi da ruwa kaɗan, ta gaya masa a hankali cewa ba a shimfiɗa darduma a gaban ƙofa ko a kan hanya, ta nuna masa inda zai iya tsayawa in akwai, ko ya yi a zaune. Amma kada ka yi saurin cewa ma'aikata sun ɓuya. A doguwar tafiya doka ce a raba su kashi-kashi, wasu su je su kwanta, don ba a son wanda bai runtsa ba ya tsaya a ƙofa lokacin sauka. Abin da ba shi da uzuri shi ne ƙararrawa ta yi ta ƙara, fitilarta na kunne, mutum uku na bayan labule suna hira. Na taɓa rubuta wa wata abokiyar aikina mai shekara 15 rahoto a kan haka. Mun yi wata biyu ba ta gaishe ni ba, kuma da za a sake zan sake rubutawa.

Wata tafiya ba na mantawa da ita. Muna ɗauke da masu zuwa Umara, cikinsu akwai wata tsohuwa daga Aboabo ta Kumasi tare da jikarta. Wata gogaggiya a cikin ma'aikatana ta zo ta same ni a kicin ta ce, "Yaya, tsohuwar nan ta layi na 31 ba ta taɓa tirenta ba, ruwa ma ta ƙi, kuma goshinta na zufa ga sanyin nan." Ba wanda ya kira ta. Wucewa ta yi ta gani. Ashe tsohuwar na da ciwon suga, ta sha maganinta, ta ƙi ci ta ƙi sha don tana tsoron shiga bayin jirgi, ba ta san yadda ake kulle shi ba kuma tana jin kunyar tambaya. Kafin mu isa kanta ta fara fita hayyacinta. Jikar ta ruɗe, ta ɗauki kofin lemo za ta ɗura mata. Wata yarinya da ba ta cika wata huɗu da fara aiki ba ta riƙe hannun jikar ta ce, "A'a, 'yar'uwa, ba a zuba wa wanda bai farka sosai ba abu a baki, zai shaƙe." Ita ce ta kawo tulun oksijin, ita ta duba agogo ta riƙa rubuta lokacin kowane abu, tana bin matakan ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mata makonni kaɗan da suka wuce. Na yi sanarwar neman likita, Allah Ya sa akwai nas a cikin fasinjoji. Da tsohuwar ta farfaɗo ta iya haɗiya aka ba ta abu mai zaƙi, gogaggiyar nan ta raka ta bayi da kanta ta tsaya mata a bakin ƙofa.

In ka tambaye ni wa ya ceci tsohuwar, ba zan iya ware ɗaya ba. Da ba idon gogaggiyar, da sai an sauka za a tarar da ita. Da ba karatun da ke sabo fil a ƙwaƙwalwar yarinyar, da lemon ya shiga huhu. Manyan labaran da duniya ta sani ma ba su ba ɓangare ɗaya gaskiya ba. Jirgin da ya sauka a kogin Hudson na New York ranar 15 ga Janairun 2009, aka fitar da duk mutum 155 da rai, ma'aikatan cikinsa mata uku ne, kowacce ta haura shekara 25 a aiki. A filin Haneda na Tokyo kuma, ranar 2 ga Janairun 2024, jirgin Japan Airlines ya kama wuta bayan ya yi karo da wani ƙaramin jirgi, na'urar sanarwa ta mutu, ƙofa uku kawai cikin takwas aka iya amfani da su, ma'aikata suka yi aiki da murya da lasifikar hannu, mutum 379 suka fita da rai. Abin da ya yi aiki a can horo ne da aka bi sau da ƙafa, da fasinjojin da suka bar kayansu suka fita. Wannan na ƙarshe ina roƙon 'yan kasuwarmu su riƙe shi. Na san abin da ke cikin jakar hannun mai zuwa saro kaya, na san jarin shekaru ne. Duk da haka a bar ta.

Gargadar iska ma ma'auni ce, mai sauri. In an kunna fitilar bel aka dakatar da shayi mai zafi, aka tura keke aka kulle, ma'aikata suka zauna suka ɗaure, aikinsu suke yi. A watan Mayun 2024 gargada ta kama wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni. Sabo wani lokaci yakan ci gaba da rabo don yana jin kunyar wanda bai samu ba, gogagge ya san lokacin da ake ajiye buta. Dubi fuskarsa kuma. Fasinja fuskar ma'aikaci yake karantawa, kuma riƙe fuska a irin wannan lokaci abu ne da shekaru ke koyarwa.

Ni dai in aka matsa mini sai na zaɓa, zan ce a sa mini tsohon hannun da zuciyarsa ba ta mutu ba a ƙofar da ta fi kusa da ni. Amma da na fi son a tambaye ni wa ke shugabantar tafiyar, don a kansa komai ke tsayawa. Alamar da ba ta taɓa yaudarata ba ita ce wannan: in ka ga shugaban ma'aikata ya baro gaba ya zo baya yana taya kwashe tire, yana raɗa wa sabuwa gyara a kunne ba a gaban mutane ba, to a wannan jirgi sababbi za su yi aiki kamar sun daɗe, tsofaffi kuma ba za su samu labulen ɓuya ba. In ba ka ga shugaba ba tun daga tashi har sauka, abin da ka gani a wajen na ƙasa da shi daga can ya gangaro.

Yadda kake nema ma yana sauya abin da kake samu. Ga sabuwa, faɗi buƙata ɗaya a fili, ka ba ta lokaci ta tambayo, kada ka ɗaga mata murya a gaban jama'a don ruɗewa za ta ƙara yi. Abin da ya shafi lafiya, ko sauya kujera, ko jirgin da za ka kama a gaba, nemi a kira maka shugaba kai tsaye, ba raini ba ne. Mai ciwon suga ko hawan jini ya faɗa tun a ƙofa, maganinsa kuma ya kasance a jakar hannu. In kana rako tsoho, kai shi bayi sau ɗaya da wuri ka nuna masa makulli da inda ake danna ruwa. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar ma'aikaci hoto don ya ɓata maka rai, kuma kada ka cusa masa kuɗi a hannu don ya kyauta maka. Kamfanoni da yawa sun hana karɓa, kana iya jawo masa tuhuma.

Abin da ke amfani shi ne rubutu. Ko yabo ko ƙara, ka aika wa kamfani ta shafinsa na intanet cikin kwana biyu ko uku, ka sa lambar jirgi, da kwanan wata, da lambar kujerarka, da sunan da ke maƙale a ƙirjin ma'aikacin. Sannan ka faɗi abin da ya faru da lokacin da ya faru. "Ba ta da kirki" ba ya zuwa ko'ina, ba wanda zai iya bincikensa. "Na danna ƙararrawa sau uku cikin rabin awa don mahaifiyata na jin jiri, ba wanda ya zo" yana sa a kira mutum ofis. Yabo ma haka yake, kuma ya fi ƙara tasiri ga sabon ma'aikaci, don watanninsa na farko na gwaji ne, kowace takarda tana shiga fayil ɗinsa.

Jikar tsohuwar nan ta Aboabo ta rubuto bayan sun dawo. Layi huɗu ne kacal, da Turancin makaranta. Ta sa lambar jirgi da ta kujera, ta ce ba ta riƙe sunaye ba, amma akwai babbar da ta lura kakarta ba ta ci abinci ba, da ƙaramar da ta riƙe mata hannu ta hana ta ɗura lemo. Ofis suka turo mini don in gano su wane ne. Na rubuta sunayen biyu a ƙasan takardar, na sa kwafi a fayil ɗin kowacce, kuma da wata shidan ƙaramar suka cika, da wannan takarda a saman fayil ɗinta na shiga ɗakin da aka tabbatar mata da aiki.